Gurbi Tara da Kukar Inna Tabawa

Jikan ƙanena da aka ɗauka aiki a ofis bana ya zo gaishe ni da biro uku a aljihun riga. Na tambaye shi aiki, ya ce ai ba aiki ba ne, fom ɗin cinikin gona da na gida kawai yake cikewa: sunan mai sayarwa nan, sunan mai saye nan, a sa hannu, a buga hatimi, kowa ya kama gabansa. Ya ce ko wanda bai yi makaranta ba, in an nuna masa sau biyu zai iya. Na ce Allah ya ba da sa'a. Ban gaya masa ni ma na taɓa faɗin haka ba, har na fi shi faɗa da ƙarfi, alhali ni alƙalami ɗaya gare ni. Saboda shi da abokansa na zauna nake wannan rubutu, tunda in na soma ba su labari da baki sai kowa ya tuna an aike shi.

Na shiga sana'ar nan ba da daɗewa ba bayan Nasara sun ci Kano. Mahaifina ya kai ni wurin Malam Ari, wani siririn dattijo mai ƙaramar murya, wanda ke rubuta wa alƙalin yankinmu takardun ciniki da na kyauta da na rabon gado. Na tafi da tunanin washegari za a miƙo mini alƙalami, tunda na yi sauka, hannuna kuma ba laifi. Aka miƙo mini taɓarya. Shekara guda cur ban sa ko baƙi ɗaya a takarda ba, sai dakan bagaruwa.

Tawadar allo daban, ta takarda daban. Ta allo don a wanke ta aka yi ta, ta takarda kuwa so ake ta fi mai gonar daɗewa a duniya. Bagaruwa ake jiƙawa da kashin maƙera, a tafasa, a tace da tsumma, a zuba ƙaro. In ƙaron ya yi yawa takardu su manne da juna a cikin gafaka, in ya yi kaɗan rubutun ya kakkaɓe. Alƙalamin kara ne, kai za ka fiƙe abinka da aska, in kuwa ka tsaga bakinsa ba daidai ba zai yi ta tofar maka da tawada a kan sunan mutane. Takarda daga Kano ake kawo ta, mai alamar wata uku in ka ɗaga ta a rana, Malam Ari kuma yana riƙon ta kamar ƙwai. Abu ɗaya ne ba mu taɓa nema ba, wato rairayin da ake barbaɗawa a kan ɗanyen rubutu. Wannan Allah ya hore mana shi a ƙasar Gumel har ya yi yawa.

Ciniki na farko da na bi shi, wata gona ce a bayan Gagarawa. Mun isa da hantsi, mai sayarwa da mai saye sun shimfiɗa tabarma a inuwa, sun dama fura, suna jiran Malam ya zauna ya yi layi biyar ya sallame su. Malam Ari bai ko kwance gafaka ba. Ya ce a kira mai gari da maƙwabtan gonar su huɗu. Muka shiga bin iyaka da ƙafa, rana na dukanmu, ƙaya na shiga ƙafata. Kowace kusurwa muka zo sai ya tsaya ya dubi maƙwabci ya ce, "Nan ne?" Sai maƙwabci ya ce nan ne, sannan mu wuce. Gabas layin gamba, kudu burtali, yamma wani tsohon suri. Da muka zagayo na ce a raina an gama, sai ya juya ya nufi tsakiyar gona, ya dafa wata tsamiya.

"Wannan fa ta wa ce?"

Mai sayarwa ya sosa ƙeya ya ce ta gwaggonsa ce, ita ta gada. Mai saye, wanda tun safe yake kallon tsamiyar nan da idon mai ita, fuskarsa ta canza. Haka Malam ya bi itatuwan gonar ɗaya bayan ɗaya, aduwa da gawo da magarya, kowanne sai da aka faɗi mai shi. Furar nan ba mu sha ta ba sai bayan azahar, ta yi tsami.

Ku yaran yanzu in kun ji an ce gona sai ku ɗauka ƙasa ce da duk abin da ya tsiro a kanta. A wurinmu ƙasa daban ce, itace daban. Mutum yakan sayar da gona ya riƙe kukarsa. Mace takan gaji tsamiya guda a tsakiyar gonar da ba ta taɓa kai fartanya ba, ta ci amfaninta har ta mutu ta bar wa 'yarta. Kowa ya san haka, amma Malam Ari ba ya yarda da abin da kowa ya sani. A ƙasan takarda sai ya sa: ban da tsamiya, ta wance ce 'yar wane. Sannan ya karanta wa jama'a tun daga bisimilla har baƙin ƙarshe, ya tambaya ko akwai mai gyara, kafin ya barbaɗa rairayi.

Masu zuwa wurinmu kuwa, fitar da suna daga bakinsu ma aiki ne. Wani dattijo a Sule Tankarkar ya zo zai ba ɗansa na fari kyautar gona. Na ce, "Baba, sunan wanda aka ba?" Ya ce, "Yaron nan." Na ce wane yaro, ya ce babban. Yaron nan yana zaune a gefe da furfura a gemu, shi ma ya sunkuyar da kai. Dattijo gara ya fasa kyautar da ya kama sunan ɗan fari a bainar jama'a, sai da aka nemo maƙwabci ya faɗa. Mace kuma in ka tambaye ta sunan miji sai ta ja mayafi ta ce mai gidan, kai ka nemi sauran. Akwai kuma wani manomi a arewacin Maigatari da ya kwanta da gona ɗaya ya tashi da biyu, don Turawan Ingilishi da na Faransi sun kafa ginshiƙin iyakarsu a tsakiyar gerensa. Da ya zo sayar da rabin da ke ɓangarenmu, Malam Ari ya tsaya tunanin abin da zai sa a iyakar arewa. Can ya rubuta: ƙasar Faransi, wato ragowar gonar mai sayarwa.

Shekara goma sha na yi a bayan Malam kafin idonsa ya yi rauni, alƙali ya ce in karɓi gafaka. Na ci gaba yadda aka koya mini, ina bin iyaka ina dafa itatuwa, ciniki ɗaya ya cinye mini yini. Ba don ina so ba, don ban san wata hanyar ba ne.

Sai aka kawo wata hanyar. Wani akawu aka turo daga Kano, mai farin wando da fensir a bayan kunne, ya zo da damin takardu bugaggu, irin abin da kuke kira fom. Duk an riga an yi rubutun da boko, an bar gurabe a tsakani. Na ce masa ni ajami na iya, boko ko baƙi ɗaya ban sani ba.

"Ba sai ka iya ba, Malam," in ji shi. "Gurabe za ka haddace, ka cika da ajaminka. Na fari mai sayarwa, na biyu mai saye, na uku gari. Sai gabas, yamma, kudu, arewa. Na takwas abin da aka biya, na tara shaidu. A ƙasa a dangwala yatsa."

Mutumin da ya haddace izu sittin, gurbi tara ne zai ba shi wuya? Tsakanin azahar da la'asar na iya. Ban tambayi abin da baƙaƙen layukan da ke tsakanin guraben suke cewa ba, shi ma bai ga dalilin gaya mini ba. Na ɗauka gaisuwa ce da kirarin hukuma, irin wadda ake buɗe kowace wasiƙa da ita.

A takarda ta uku da na cika akwai aduwa biyu na ƙanwar mai gona. Na duba sama da ƙasa babu inda zan sa su, sai na matse su a gefen takarda da ƙananan baƙaƙe. Akawu ya ɗaga takardar da yatsa biyu, ya ce takardar hukuma ba allo ba ce da kowa zai yi zane a gefenta, abin da ba shi da gurbi babu shi. Ya yage ta a gabana ya ba ni sabuwa. Daga ranar na daina sa itace. Ba a jima ba na lura takardar ba ta tambaya ko na je gonar, sai na daina zuwa. Me zai kai ni cikin ƙaya, bayan mai gona da bakinsa zai gaya mini wanda ke gabas da shi?

Na sami rumfa a kasuwar Maigatari, duk Alhamis ina can. Na ajiye alƙalamin kara na sayi mai bakin ƙarfe, na bar dakan bagaruwa na koma tawadar kwalba. Abin da a da ke cin yini, yanzu kafin goro ya narke a baki na gama. Mutane suka sa mini suna Malam na Boko, ni kuma ban ce musu a'a ba. Karatu a gaban shaidu ban bar shi ba, tunda shi ne kwalliyar aikin. Sai in bi baƙaƙen layukan da yatsa ina motsa leɓe ina gyaɗa kai, in na zo kan rubutun hannuna in ɗaga murya. Na kai wa Malam Ari gaisuwa wata rana, ya makance sarai a lokacin, ya tambaye ni yaushe rabona da cire ƙaya a ƙafa. Na yi dariya na ce, "Allah ya gafarta Malam, ai aikin yanzu ba aiki ba ne, ko wa aka nuna wa sau biyu zai iya." Ya ce madalla, ya tambayi lafiyar iyali.

Sai shekarar yunwa ta zo. Ruwa ya ɗauke daidai lokacin da gero ke fidda kai, abin da aka girbe bai kai mutane ko rani ba. Aka koma cin ganyen tafasa da dusa, wasu har gidan tururuwa suke tonawa su kwashe ɗan hatsin da ta tara. Aka sayar da awaki, aka sayar da tasoshi da tufafin aure, daga ƙarshe aka zo kan gonaki. A wurin kowa muguwar shekara ce. A wurin mai cika takarda kuwa kasuwa ce ta buɗe, haka na gan ta a lokacin, ba kuma zan gyara maganar don na tsufa ba. Layi ake yi a bakin rumfata tun daga hantsi.

A cikin layin nan wata Alhamis wata tsohuwa ta zo gabana, Inna Tabawa, daga wani ƙauye kusa da Ɗanzomo. Ɗanta ya tafi kudu neman abinci ba a sake jin labarinsa ba, ya bar mata jikoki huɗu. Gonar da ta gada wurin ubanta za ta bayar a ba ta gero. Mai sayen Tanko Maikanwa ne, fatake mai raƙuma tsakanin Maigatari da Damagaram, mutum mai fara'a wanda a shekarar nan rumbunsa bai san an yi fari ba. Sun zo da shaidu biyu daga ƙauyensu. Na cika gurbi na fari har na tara ban ɗaga kai ba, na jawo tawadar dangwale.

"Malam," in ji ta, "a rubuta ban da kukar."

"Wace kuka, Inna?"

"Ta tsakiyar gonar. Kakata ta bar wa uwata, uwata ta bar mini. Gonar ubana na sayar, kukar ba ta cikin ciniki."

Tanko ya yi dariya. "Haba Inna, ni me zan yi da kuka? In ɗora ta a raƙumi in kai Damagaram? Riƙe abarki, har jikokin jikokinki."

Shaidu suka ce sun ji.

"To a rubuta," ta ce.

Na dubi takardar daga sama har ƙasa kamar mai neman wani abu. "Inna, babu gurbin kuka a nan. Amma ai kowa ya san itace ba ya bin gona. Ga mai saye ya faɗa da bakinsa, ga shaidu."

"Malam Ari da ya yi wa mai gidana takarda, har magarya sai da ya sa."

"Wancan zamani ne, Inna. Wannan ta hukuma ce, ta fi waccan ƙarfi."

Na bayanta sun soma tari da gyaran murya. Na ɗauki takardar na karanta mata irin karatun nawa, yatsa na tafiya, leɓe na motsi. Ta saurara da kyau har ƙarshe, ta ce a karo na uku, "Ban da kukar dai." Na ce ban da kukar. Na kama babban yatsanta na dangwala, ta goge shi a bakin zane, ta bi Tanko a auna mata gero.

Geron bai kai su damina ba, kukar ce ta kai su. Wanda bai zauna a ƙauye ba ba zai gane abin da kuka guda take yi wa gida ba. Ganyen a shanya a daka a yi miya, saura a kai kasuwa a samo ɗan tsaba. 'Ya'yan a fasa a jiƙa wa yara su sha. Ɓawon a yi igiya. Cikin jikoki huɗu ƙaramar ta rasu, uku suka fita. Bayan yunwa ta wuce Inna Tabawa ba ta da gona, ba ta da akuya, da garin kukar nan take ci da su. Tanko kuwa ya cika alkawari, ko ganye ɗaya bai taɓa ba.

Bayan shekara biyu Tanko ya ga noma ba nasa ba ne, ya sayar wa wani Garba, mai sayen gyaɗa da ya zo daga wajen Kano. Ni na cika musu takarda, na kwafe ta biyu daga ta fari gurbi da gurbi. Maganar kuka ba ta taso ba. Tanko ya manta, ko ya ɗauka kowa ya sani, ni kuwa a lokacin na cika takardun da ban san iyakarsu ba, tsohuwa ɗaya ba ta tsaya mini a rai ba. Tanko ya kora raƙumansa ya haye ƙasar Faransi, bai dawo ba.

Garba ba mugu ba ne, mutum ne dai mai son abin da ya saya ya zama nasa. Ya je duba gona ya tarar da tsohuwa a gindin kuka da doguwar gora mai ƙugiya, tana zazzago ganye a kan tabarma. Ya ce mata Inna wannan fa sata ce. Ta ce ɗana, kai ne baƙo. Ya ƙwace gorar, ya ce su haɗu gaban alƙali, ya kuma riga ya yi magana da wasu mata da za su riƙa sayen ganyen a hannunsa.

Ranar shari'a zauren alƙali ya cika, don duk wanda ya sayar da gona a shekarar yunwa ya bar itace a ciki yana son ya ji yadda za ta kaya. Aka jingine gorar a bango. Inna Tabawa ta faɗi nata. Garba ya fito da takardu biyu daga aljihu, ya ce a Kano an karanta masa su, a kira mai karatu a ji. Aka kira akawu. Ya ɗauki ta fari, mai yatsan Inna, ya sa bakin fensir a kan baƙin layin da ke bin gurbi na bakwai, ya karanta: na sayar da ita tare da dukan abin da ke cikinta, na itace da na rijiya da na gini.

Ranar na fara jin wannan layi. Shekara da shekaru ina wuce shi da yatsa ina gyaɗa masa kai.

Alƙali ya tambayi shaidun ciniki. Ɗaya yunwar ta tafi da shi, ɗaya ya kama hanyar Makka da ƙafa. Tanko yana Damagaram, inda sammacin alƙali ba ya isa. Sai alƙali ya juyo kaina.

"Malam Sabo, kai ka rubuta?"

"Ni ne, Allah ya gafarta Malam."

"Ta ce ban da kuka?"

"Ta ce. Har sau uku. Mai saye kuma ya yarda."

"Me ya hana ka sa?"

"Babu gurbi."

"Ka karanta mata takardar kafin ta dangwala?"

"Na karanta."

"Har da layin nan da muka ji yanzu?"

Da na ce e, da na koma gida da sunana na Malam na Boko, tsohuwa kuma ta zama wadda ta ji da kunnenta ta yarda, ta dawo tana musu. Kada ku ɗauka jarumta ce ta hana ni. Akawu yana zaune yana kallona, shi kuwa ya san iyakar abin da ya koya mini.

"Ban karanta ba."

"Tsallake shi ka yi?"

"Ban iya karanta shi ba ne, Allah ya gafarta Malam. Gurabe na haddace."

Rabin mutanen da ke zauren ni na kama yatsunsu na dangwala. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Alƙali ya ce abin da ba a karanta wa mutum ba, ba za a ce ya yarda da shi ba. Tsohuwa tana da shaida ɗaya, wato ni. A kan dukiya, shaida ɗaya da rantsuwar mai da'awa sun isa. Ya ce in ta tashi ta yi alwala ta dafa Alƙur'ani cewa ta keɓe kukar a cikin ciniki, kuka tata ce. Na ce a raina asirina ya tonu amma dai abin bai tafi a banza ba.

Inna Tabawa ba ta motsa ba.

"Allah ya gafarta Malam, ba zan dafa ba."

"Ba gaskiya kika faɗa ba?"

"Gaskiyata ce, Allah ya sani, Malam ɗin nan ma ya faɗa. Amma a gidanmu ba a dafa Alƙur'ani a kan abin duniya, ko da gaskiya. Ba a san kan wanda zai sauka ba. Jikoki uku suka rage mini."

Alƙali ya sassauta murya ya yi mata bayani, ya ce rantsuwar gaskiya ba ta cin kowa, shari'a ce ta ba ta wannan hanya. Ta saurara har ya gama, ta yi godiya, ta ce ta ji amma ba za ta dafa ba. Mutanen ƙauyensu suka sa baki. Ni kaina na manta inda nake na ce, "Inna, don Allah ki tashi, da me za ki ci da yaran?" Ta ce Allah da ya fitar da su waccan shekarar yana nan. Ko kallona ba ta yi ba.

Da tsohuwa ta ƙi, rantsuwa ta koma kan Garba. Ya yi alwala ya dafa, ya rantse cewa ya sayi gonar da duk abin da ke cikinta, babu wanda ya taɓa gaya masa kukar ta wani ce. Ko kalma ɗaya ta ƙarya babu a ciki. Alƙali ya ba shi kuka, ya ce a mayar wa tsohuwa gorarta.

Ba a kore ni ba, in kuna son sani, don babu wanda za a sa. Alƙali dai ya hana ni taɓa takarda har sai na iya karanta kowane layi, na yi wata shida ina zama gaban akawu kamar ɗan kotso, da gemuna. Sunan Malam na Boko ya bi ni har yau, sai dai yadda ake faɗinsa ya canza. Bayan nan na yi shekaru ina aikin, na koma bin iyaka da ƙafa, ina liƙa wata takarda a bayan ta hukuma in jera itatuwa da masu su. Wannan duk bai mayar wa kowa da komai ba.

Da aka tashi daga shari'ar ranar, na jira mutane suka ragu kafin in fito. Na tarar da ita zaune a dakalin ƙofar zaure tana gyara ɗaurin zane, gorar na jingine kusa da ita. Na so in wuce ta bayanta, sai ta kira ni.

"Malam."

"Na'am, Inna."

"Da gaske ba ka iya karanta baƙin nan ba?"

"Ban iya ba."

"Ko ranar nan a kasuwa, da kake bin sa da yatsa kana motsa baki?"

"Ko ranar."

Ta dubi hannuna, ta dubi nata. Babu faɗa a muryarta, da akwai da na fi samun sauƙi.

"To ashe ni da kai duk dangwalawa muka yi," ta ce. "Nawa yatsan ne dai ya fito a takarda."

Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta kama hanyar Ɗanzomo. Gorar ta bar ta nan jingine da bango.